Layar Bajamushen da Kaka Ya Binne

Tun da na dawo daga Jamus 'yan fadarmu, wato majalisarmu ta hira, ba su bar ni na sha shayi cikin natsuwa ba. Wannan ya ce in ba shi labarin ƙanƙara, wancan ya ce wai da gaske ne karnukansu har riga ake sa musu, Habu Tela kuwa tambayarsa ɗaya ce kullum, ko na ci alade ban sani ba. Ina amsawa sama-sama, har sun fara cewa na dawo da girman kai. Ba girman kai ba ne. Labarin ne ba ya shiga tsakanin kofin farko da na biyu, kuma akwai wurin da in na zo muryata takan ƙi fita. Shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in huta.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Laminu, aikina gyaran famfunan rijiyoyi masu aiki da hasken rana, daga nan Dakoro har Rumbu da Ajekoriya. Wata ƙungiya ce ta zaɓe ni in je ƙaro sani na wata uku. Ranar da takarda ta iso, mahaifina ya aika a kira ni. Baba ya tsufa, ciwon ƙirji ya cinye shi, tun bara ko masallacin ƙofar gida sai an riƙe shi. Na same shi a zaure da wani ƙunshi a kan cinyarsa.

"Zamna, Laminu," ya ce. "Tahiyar ga ba taka ba ce kai ɗai."

Na san abin da ke cikin ƙunshin, don duk ɗan gidanmu ya san shi. Wani ɗan ƙarfe ne fari-fari mai siffar ƙwai, bai cika tafin hannu ba, da lambobi a jikinsa da wani layi mai huda-huda a tsakiya. A gida "layar Bajamushe" muke ce masa.

Kakana Mamman, uban Baba, yana saurayi Faransa ta ɗebe shi soja daga wani ƙauye kusa da Sabon Maci, lokacin Dakoro ko gari ba ta zama ba. Aka kai su can ƙasar Faransa a farkon yaƙin duniya na biyu. Yadda ya ba Baba labari, Jamus ta fi ƙarfinsu, suna ta ja da baya a ƙasa, ƙananan jirage masu ɗaukar mutum ɗaya suna saukowa dab da kan itatuwa suna feshin harsashi a kan hanya. Da hantsin wata rana irin wannan jirgin ya kashe amininsa, wani Bazabarme da suka taho tare tun daga gida. Da yamma kuma aka harbo wani jirgin, ya zo ya ja ciki a gonar alkama, Kaka ne mafi kusa da shi. Ya ce da wuƙar bakin bindiga ya nufe shi, zuciyarsa baƙi ƙirin. Da ya leƙa sai ya ga yaro ne ko gemu bai tsiro masa ba, jini ya jiƙa masa ƙirji, leɓɓansa suna motsi. Ya ce bai san lokacin da ya kwance gorar ruwansa ba. Ya ba shi ya sha, ya jawo shi waje, yaron ya cika a hannunsa.

Kaka bai iya barin ɗan Adam ga tsuntsaye ba. Ya haƙa rami a bakin itatuwa da ɗan shebur ɗin soja, ya kwantar da shi ta dama, fuska wajen da yake zaton gabas ne. Kafin ya rufe sai ya ga igiya a wuyansa da wannan ƙarfe. A wurinmu ba a binne mutum da laya, cirewa ake yi a ba magada. Ya cire. Bayan kwana kaɗan aka kama su, ya ɓoye ta cikin nasa layun, alhali a lokacin ana jera baƙaƙen fursunoni a harbe su a kan abin da bai kai wannan ba. Ya dawo da ita gida, ya rayu, ya tsufa, bai taɓa samun wanda zai kai ta ba. Baba ya ce har ranar da zai cika maganarta yake yi.

"Amana ce," in ji Baba. "Ta kwana ga wuyan ubana, ta kwana ga nawa. Ban son in tahi da ita. Ka kai ma masu ita hannu da hannu, kuma ka ce su yahe muna jinkiri. Sai ka ji sun ce sun yahe da bakinsu, ka ji ko?"

Na ce na ji. A raina kuwa cewa nake, tsohon nan yana zaton Jamus kamar kasuwar Sabon Maci ce, in tsaya in tambayi gidan su wane a nuna mini da leɓe.

Motar da ta ɗauke mu daga Dakoro ba ta kai Maraɗi da ƙafarta ba. Mun wuce Sabon Maci kaɗan ta yi tari ta mutu. Direba ya juyo ya gan ni, ya washe baki, ya ce Allah ya kawo mai gyara. Na ce masa ni famfo nake gyarawa, ya ce ai duk ƙarfe ne. Haka na kwanta ƙarƙashin mota da sabuwar shaddar da aka ɗinka mini don tafiya Turai, wata tsohuwa mai kaji tana tsaye a kaina tana sa mini albarka. Daga Maraɗi na shiga babbar motar fasinja da muke kira kar zuwa Yamai, yini cur, ana saukar da mu a shingen jandarma ana duba kart ɗinmu na shaidar ɗan ƙasa ana mai da mu. A hanya na sayi kilishi mai yawa, don an faɗa mini Turawa ba su san yaji ba. Kwana tara na yi a Yamai gidan wani ɗan gwaggona ina jiran biza, kullum Baba sai ya sa ƙanena ya kira ni ya ji ko ƙunshin yana nan.

A filin jirgin Yamai ɗan sanda ya ga ƙunshin a na'ura ya ce in kwance. Na ce laya ce. Ya janye hannunsa da sauri, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Da jirgi ya ɗaga na damƙe kujera ina salati, makwabcina yana ta barcinsa. Ban taɓa hawa sama ba sai ranar, ina da shekara arba'in da biyu.

A can Jamus ma'aikatan dwan ne, wato kwastan, suka tare ni. Karensu ya zo ya zauna gaban jakata ya ƙi tashi. Aka buɗe, aka fito da kilishina gaba ɗaya, wata mata mai safar hannu ta jefa shi cikin wani bokiti ina kallo, wai ba a shiga ƙasarsu da nama. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau in na tuna sai na ji haushin karen nan. Sai abokin aikinta, wani mai furfura, ya kwance ƙunshin Baba. Ya ga ƙarfen ya ɗauke shi. Ya juya shi, ya shafa layin tsakiyar da babban yatsa, ya dube ni. Da gurgun Faransanci ya tambaye ni inda na samo shi. Na ce na kakana ne, daga yaƙi. Na sha jinin jikina, na ce shi ke nan, wannan ma bokiti za ta. Amma sai ya naɗe shi da kansa, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce in nuna wa wani wanda ya sani, kada in yi wasa da shi.

Masaukinmu wani gida ne na ɗalibai a ƙaramin gari, ɗaki ɗaya ni da wani Bamossi daga Burkina. Ruwan zafi a famfo, wuta ba ta ɗaukewa, amma kwana uku ban ji muryar makwabci ba. Na yi ta gai da mutane a jirgin ƙasa suna kallona kamar zan roƙe su wani abu, har na daina. Abincin rana dankali, na dare burodi mai sanyi baƙi da cuku, ba a ɗora tukunya. Na tambaya ko mutuwa aka yi a gidan, aka ce a'a, haka suke ci kullum. Shara kuwa sai an raba ta gida huɗu, na kuskure sau biyu, wata tsohuwa ta fito ta yi mini faɗa da yarensu tana nuna kwalba. Na ba ta haƙuri da Hausa, muka rabu kowa ya fahimci ɗan'uwansa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai maƙabartarsu ce, don ta gefenta muke bi zuwa wurin karatu. Kowane kabari da dutsensa, da suna, da ranar haihuwa da ta mutuwa, da furanni. Za ka ga tsoho ya zo da 'yar butar ban ruwa yana shayar da kabarin matarsa yana yi mata magana. Mu kuwa fasasshiyar tukunya ce ko reshen ƙaya, damina biyu ta shafe wurin. Ni kaina in aka ce in nuna kabarin Kaka, sai dai in nuna yanki. Na yi ta mamakinsu, ban san abin zai zo kaina ba.

Malaminmu sunansa Yurgen, dogo ne mai sanƙo, ya yi aiki shekaru a Mali don haka Faransancinsa ya nuna. A sati na biyu, bayan an tashi, na kwance ƙunshin a kan teburinsa na ba shi labari yadda Baba ya ba ni. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Sannan ya jawo kujera ya ce in zauna.

"Laminu, wannan ba laya ba ce," ya ce. "Shaidar soja ce. Lambar nan ita ce sunansa. Ka ga layin tsakiya? In soja ya mutu, karya ta ake yi biyu. Rabi a kai wa hukuma don a sanar da iyayensa, rabi a bar shi a wuyansa, don duk ranar da aka tono shi a san ko wane ne."

Na dubi ƙarfen. Lafiyarsa ƙalau, ba a karya ba.

"To in ba a karya ba fa?" na tambaya, ko da yake na riga na san amsar.

"Ba wanda ya kai labarin mutuwarsa ke nan. Kuma in an tono shi bayan yaƙi, ba a sami komai a wuyansa ba."

Shekaru muna alfahari da abin nan a gidanmu, muna ba baƙi labari, ashe sunan mutum ne Kaka ya ciro ya taho da shi Dakoro. Yurgen ya ɗauki hoton ƙarfen ya aika wa wani ofishi da ke ajiye da takardun sojojinsu na da. Ya ce sai mun yi haƙuri, amsa takan daɗe.

Cikin jiran ne wata Asabar ya ɗauke ni a motarsa zuwa wani gidan tarihi na jiragen sama. Na ce masa ba na so, ya ce ya kamata in ga abin da kakana ya leƙa. Can ciki, bayan manya-manyan jirage, ga shi nan a tsaye, irin wanda suke kira ɗari da tara. Wallahi na raina shi. Tun ina yaro nake zaton wani dodo ne mai rufe rana, sai ga ɗan siririn abu toka-toka, babbar motar da ke kawo mana gero ta fi shi cika ido. Wani tsoho mai kula da wurin, wanda duk ƙuruciyarsa a gyaran jirage ta ƙare, ya ga ina leƙa ƙarƙashi irin leƙen masu sana'a, sai ya taso. Yurgen yana fassara.

Na ce masa ƙafafun nan sun matse da yawa, abu mai gudu haka ba zai tsaya daidai ba in ya taɓa ƙasa. Tsohon ya tafa hannu don murna, ya ce na gano ciwon, yara da yawa wajen sauka da tashi suka kife ba tare da wani ya harbe su ba. Ya nuna mini injin, an kifa shi kansa ƙasa don matuƙi ya ga gabansa. Ya nuna mini tankin mai, a bayan kujera yake har ƙarƙashinta, mutum a kan wutarsa yake zaune. Aikin hannu dai an yi shi, ko ƙusa ɗaya ba a sa ta banza ba, kuma na ji kunyar yadda abin ya burge ni.

Akwai wani gurbin matuƙi da suka keɓe don baƙi su shiga. Na shiga da ƙyar, kafaɗuna duka biyu suna gogar ƙarfe, gwiwoyina sun taso. Tsohon ya jawo murfin gilashin daga gefe ya rufe a kaina. Akurkin kaji ya fi shi sarari. Ban yi minti ɗaya ba na buga na ce a buɗe.

Tsohon ya ce yawancin matuƙan tun suna 'yan makaranta aka koya musu tashi da jirage marasa inji a kan tuddai, aka cika musu kai cewa su ne zaɓaɓɓu. A farkon yaƙin gani suke ba mai iya musu, duk jirgin da suka kakkaɓo sai su ja layi da fenti a wutsiyar nasu. Na ce a tambaye shi, mutanen da suke harbi a kan hanya fa, su ma ana ja musu layi? Yurgen ya fassara. Tsohon ya sunkuyar da kai, ya ce a'a, waɗannan ba a ƙirga su. Na tuna Bazabarmen nan abokin Kaka, wanda ko sunansa bai iso gare mu ba.

Saura kwana goma sha biyu in dawo amsa ta zo. Sunan yaron Valta, shekararsa ashirin da ɗaya. A takarda an rubuta ya ɓace a Faransa, ba a rubuta ya mutu ba. Suka ce bayan yaƙi an tattara gawawwakin da manoma suka nuna an kai manyan maƙabartu, waɗanda ba su da shaida an rubuta musu "soja, ba a san shi ba", kuma irinsu suna da yawa a yankin. Tunda Kaka bai san sunan ƙauyen ba, ba yadda za a gane wanne ne nasa. Amma akwai ƙanwarsa da rai, sunanta Ilza, ta haura tamanin da biyar, kuma ta yarda ta gan ni.

Tafiyar awa huɗu muka yi ni da Yurgen. A gidan tsofaffi muka same ta, irin gidajen da suke tara iyayensu ma'aikata suna kula da su. Na tuna Baba a zaure, jikoki suna tsallake ƙafafunsa. Na tuɓe takalma a bakin ƙofa na durƙusa na gaishe ta, ta yi dariya ta ce in tashi kada in sa ta jin ta tsufa. 'Yar ƙaramar mata ce, gashi fari fat, ido garau. Ta sa an kawo gahawa da wani kek mai tuffa, ta tsare ni sai da na ci yanka biyu. A kan tebur ga hotonsa, yaro mai manyan kunnuwa yana murmushi, da alamar gwamnatin nan tasu ta lokacin a ƙirjinsa.

Ta ga inda idona ya tsaya. "Ba zan ɓoye maka ba," ta ce, Yurgen yana mayar mini. "Ya yarda da su. Yana alfahari da rigar nan. Na san abin da jiragensu suka yi wa mutane a kan hanyoyi. Amma shi ne yake ɗaukata a wuya ya kai ni makaranta."

Na kwance ƙunshin na miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa ta riƙe a tafin hannunta, ba ta yi kuka ba. Ta ce in faɗa mata komai, kada in rage. Na faɗa mata gonar alkama, da wuƙar, da ruwan, da ramin, da dalilin da ya sa Kaka ya cire. Na yi mata bayanin cewa mu ba ma rubuta suna a kabari, don haka ko a mafarki Kaka ba zai kawo cewa gawa tana bukatar sunanta ba. Ta sa aka maimaita mata wurin ruwan sau biyu.

Sannan ta ba ni nata labarin. Takarda ta zo wa mahaifiyarsu, Marta, cewa ya ɓace. Da an ce ya mutu, da ta yi kukanta ta share hawaye. Amma ɓacewa aka ce. Ta sa a ranta an kama shi ne an kai shi wata ƙasa. Bayan yaƙi, duk ranar da aka ce jirgin ƙasa zai kawo fursunoni, sai ta tafi tasha da hoton nan a manne a kan sanda, ta ɗaga shi tana bin fuskokin masu saukowa, Ilza tana riƙe da gefen rigarta. Fursunoni suka ƙare, ba ta daina ba. Mijinta ya nemi a rubuta yaron cikin matattu, ta ce sai dai bayan ranta. Ta ƙi barin gidan ko da rufinsa ya lalace, don kada ya dawo ya tarar da baƙi. Shekara talatin da ɗaya ta yi haka, sannan ta rasu.

Ban san lokacin da na sauko daga kujera na koma ƙasa ba. Na ce wa Yurgen ya faɗa mata, mahaifina yana kwance ba lafiya, ya aiko ni in nemi yafiyar jinkiri, amma yanzu na ga abin ya wuce jinkiri. Ina roƙonta ta yafe wa kakana, ta faɗa da bakinta in kai wa tsoho.

Ta daɗe tana kallon ƙarfen. "Ka ce wa mahaifinka," ta ce, "ni ba ni da abin da zan yafe. Kakanka ya ba ɗan'uwana ruwa a ranar da bai cancanci ruwa daga hannunsa ba. Na gode masa, kuma zan mutu da sanin bai cika shi kaɗai ba. In yafiyata yake so, na ba shi duka." Ta numfasa. "Amma wadda ta tsaya a tasha ba ni ba ce. Ba zan yi magana da bakin uwata ba. Ban san abin da za ta ce ba, kuma ba zan yi wa mutumin da ke kwance ƙarya ba."

Na so ta ƙara ko kalma ɗaya, ba ta ƙara ba. Na ji zafin maganar har cikin ƙashina, don na san gaskiya ta faɗa, mu ma haka muka sani, haƙƙi sai mai shi. Da za mu tafi ta riƙe hannuna da nata biyu, ta ce in gai da Baba.

Ranar ƙanena ya kira, Baba ya karɓi waya ya ce, "Ka kai?" Na ce na kai, hannu da hannu. Ya yi hamdala. Kafin ya jefo tambaya ta biyu na ce layi ba shi da kyau, na kashe. Daga can har Yamai, daga Yamai har Maraɗi, abu ɗaya nake juyawa. In ce masa sun yafe kawai, ai ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Tsoho ne mai ciwon ƙirji, me zai ƙaru da shi in ya ji ubansa, da kyakkyawar niyya, ya tsayar da wata mata a tasha shekara talatin? Har motarmu ta shigo Dakoro na yanke cewa rabin labarin zan ba shi.

Bayan la'asar aka watse, masu barka da zuwa suka tafi da tsarabarsu, muka rage ni da shi a zaure. Ya rame fiye da yadda na bar shi. Na fara ba shi labari, na ce ƙanwar yaron ta karɓa, ta gode, ta ce ta yafe duka. Ya gyaɗa kai. Sai ya zuba mini ido, irin kallon da yake yi mini tun ina yaro in na dawo daga kiwo akuya ɗaya ba ta cika ba.

"Laminu, hwaɗi sauran."

Na faɗa. Ban rage komai ba, har sandar da hoton. Yana saurare idonsa a rufe, hawaye suna bin gefen hancinsa, bai share ba. Da na gama, ana jin daka daga cikin gida, ya buɗe ido.

"Shekara nawa ka ce?"

"Talatin da ɗaya, Baba."

"Allahu akbar. Kuma ubana na nan yana gyara ma layar ga fata duk shekara, yana jin ya yi aikin lada." Ya yi tari mai tsawo, na riƙe shi har ya lafa. "Matar ga ta yi gaskiya da ba ta ari bakin uwatta ba. Da ta ara, da ban amsa ba. Mi as sunan uwar?"

"Marta."

Ya gwada, harshensa ya kama shi tun karon farko. Ya sake faɗa a hankali.

"Ni ka riga ka tahiya, Laminu," ya ce. "Ranar da anka tara mutane gaban Allah, dole a samu wanda ya san sunan da za a kira. Ubana bai san shi ba. Ni in kama hannunai in kai shi gabanta, shi yi mata bayani da bakinai. Abin da ta ce, shi ke nan."

To, 'yan fada, ga labarin da kuke ta nema. Ƙanƙara na gani, alade ban ci ba. Baba yana nan da sauran numfashi, wata rana da sauƙi wata rana babu. Kullum da safe in na shiga gaishe shi, bayan ya amsa ya tambayi iyali, sai ya kamo hannuna ya ce, "Marta ko?"

In ce, "Marta, Baba."